Shika-shikai, Rukunai ko Ginshiƙai: Wanne ne Daidai?

Tambaya: Ni malamar Islamiyya ce, ina koyar da yara 'yan aji uku. A wani littafi na ga an rubuta shika-shikan Musulunci, a wani kuma rukunan Musulunci, a rediyo kuwa sai in ji ana cewa ginshiƙan Musulunci. Wanne ne daidai? Wani yaro ya tambaye ni tilon shika-shikai na kasa ba shi amsa. Sannan da gaske ne daga kalmar gini aka samo ginshiƙi?

Amsa: Malama, Allah ya saka miki da alheri, ya kuma yi wa yaron nan albarka, domin tambayarsa ta fi ƙarfin manya da yawa. Babu kuskure a cikin ukun, amma ba abu ɗaya suke nufi ba. Kowace sunan wani abu ne da ke ɗauke da nauyi a jikin gini, kuma kowanne da wurin tsayuwarsa da irin kayan da aka ɗora masa. Ni a gidan magina na tashi, kakana na wajen uwa da tubali ya ci abinci har ya bar duniya, sai daga baya na karanci harshe. Don haka ta wajen ginin zan ɓullo wa kalmomin, don can ne gidansu.

Tilon shika-shikai shi ne shisshike. Kada ki ji nauyin rashin saninsa, kalmar ta kusa ɓacewa daga bakin mutanen birni. Shisshike ice ne mai kauri da ke riƙe da rufin rumfa ko ɗaki. Idan kina son yaran su gane yadda aka yi tilo da jam'in suka yi nisa da juna haka, ki sa su faɗi fiffike, sannan su faɗi jam'insa, fikafikai. Su faɗi gungume da gumagumai, su faɗi zuzzuge na maƙera da zugazugai. Duk ƙira ɗaya ce. Saiwar kalmar gajeriya ce, aka ninka ta biyu: fik da fik, shik da shik. A tilo, baƙin da ke ƙarshen gaɓar farko ya narke cikin wanda ke biye da shi, shi ya sa shikshike ta koma shisshike, fikfike ta koma fiffike. A jam'i kuwa wasalin a ya shiga tsakani ya raba su, sai k ɗin da ta ɓuya ta sake fitowa fili. Ke nan jam'in ya fi tilon adana tsohuwar surar kalmar.

Abin da ya sa jam'in ya rayu tilon ya suma, a ganina, ba ya rasa nasaba da aikin icen kansa. Ba a yin rumfa da shisshike ɗaya. Sai an kafa da dama, a ɗora musu rufi su raba nauyin a tsakaninsu, kuma in ɗaya ya ruɓe rumfar ta karkata ta gefensa. Magabatanmu da suka ɗauki wannan kalma suka ba abubuwa biyar ɗin da aka gina Musulunci a kansu sun san abin da suke yi. Bayan an daina yawan kafa rumfar ice a birane, karatun addini ne ya riƙe kalmar, kuma shi a jam'i yake buƙatarta kullum.

Akwai wata 'yar'uwarta da irin wannan ƙaddara ta faɗa wa, kuma kullum muna jin ta a labarai ba mu lura ba. Idan aka ce jiga-jigan jam'iyya sun yi taro, kowa zai ce tilon shi ne jigo. A bakin mutanen yau haka ne. Amma ki auna ta da ƙirar da muka gani yanzu, za ki ga tilon da ya dace da jigajigai shi ne jijjige, wanda shi ma icen riƙe rufi ne. Jijjige ya ɓace, jam'insa ya zama maraya, sai jigo ya ɗauke shi riƙo saboda kamar da ke tsakaninsu a sauti da ma'ana. Shi kuwa jigo daga lambu ya fito. Shi ne abin ɗiban ruwan nan na masu noman rani, wanda ake kafa ice a bakin rijiya ko rafi, a gitta masa doguwar sanda, guga a kai ɗaya, dunƙulen laka mai nauyi a ɗaya kan. Duk motsin ban ruwan a kansa yake juyawa. Daga nan aka ce wane jigo ne a gidansu, daga nan kuma masana adabi suka ɗauki kalmar suka ce jigon waƙa ko jigon labari, wato saƙon da komai ke kewayawa. Ga waƙar baka kuma Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya zaɓi turke, kuma zaɓin ya burge ni. Turke ba ya ɗaukar komai a kansa, aikinsa hana tafiya. Dabba ta yi kiwo iya tsawon igiyarta ta dawo, kamar yadda makaɗi ke yin yabo da zambo da habaici, sannan ya komo kan abin da ya kafa waƙar dominsa. Shi ya sa masu tafsiri ke fassara autada na aya ta 7 a Suratun Naba'i da turaku, inda Allah ya ce ya sanya duwatsu turaku ga ƙasa. Ba su ce ginshiƙai ba, don ba ɗaukar rufi ake magana ba.

Yanzu ga ginshiƙi. Maganar cewa daga gini aka samo ta ta daɗe tana yawo, kuma na gane dalili: kunne yana jin gin a farkon kowace, ga shi kuma ginshiƙi gini ne. Wasu har suna ƙarawa da cewa gini ne aka haɗa da shisshike. Ban yarda da wannan ba, kuma ga hujjata. Na farko, shisshike da k marar lanƙwasa take, ginshiƙi kuwa da ƙ mai lanƙwasa, kuma a Hausa waɗannan baƙaƙe biyu ne daban, kamar yadda baki da baƙi ba su zama ɗaya ba. Na biyu ya fi ƙarfi. Kalmar tana da wata sura, gimshiƙi, wadda za ki tarar a tsofaffin ƙamusoshi da bakin dattawa. A Hausa, m da ke ƙarshen gaɓa ita ce ke komawa n idan baƙin da ke biye ya ja ta. Ƙamshi ya zama ƙanshi, damshi ya zama danshi, ɗumki ya zama ɗinki, kumya ta Sakkwatawa ita ce kunya ta Kanawa, kuma gungumen da muka ambata ɗazu daga gumgume ya fito. Hanyar ɗaya ce, daga m zuwa n. Babu abin da zai sa n ta juye ta zama m a gaban sh. To idan gimshiƙi ce tsohuwar sura, gim ce farkon kalmar, alhali gina da gini da magini duk da n suke tun asali. Kamar da ke tsakaninsu daga baya ta samu, bayan m ta sauya. Ba kuma daga Larabci ta zo ba, domin babu ɗaya daga cikin sunayen da Larabawa ke kiran wannan abu da ya yi kama da ita.

Ma'anarta kuwa a wurin magina a fayyace take. Ginshiƙi gini ne mai kauri da ake tayarwa daga ƙasa domin ya karɓi nauyin rufin soro. Sai kin san matsalar da ya zo warwarewa za ki san darajarsa. Rufin soro da azara ake yin sa, wato kututturen giginya da aka tsattsaga. An zaɓi giginya ne don gara ba ta cinta da sauƙi, tana shekaru aru-aru a cikin laka. Sai dai azara tana da iyaka. Idan aka shimfiɗa ta, aka ɗora mata zana ko asabari, aka zuba ƙasa mai kauri a kai, ba ta iya tsallake fiye da kimanin ƙafa shida ba tare da ta lanƙwashe ba. Shi ya sa ɗakunan talakawa na dā ƙanana ne. Wanda ke son zaure mai faɗi ko masallaci dole ya nemi abin da zai tari azara a tsakiyar hanya. Hanya ɗaya ita ce a tayar da ginshiƙi a tsakar ɗakin. Ɗaya hanyar, wadda ita ce gwanintar maginan Hausa, ita ce baka: a dasa azara a jikin bango ko ginshiƙi, a riƙa ɗaura wata a kan wata da igiya, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta tana rusunawa ciki, har ƙafafun biyu su haɗu a sama, a lulluɓe su da laka. In bakuna suka gitta juna a tsakiya suka ɗauki tulluwa, shi ne ɗaurin guga, don ya yi kama da yadda ake gitta itace a bakin gugar rijiya.

Wanda ya kai wannan fasaha ƙololuwa shi ne Babban Gwani Malam Mika'ilu, maginin Masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon ɓangaren masallacin ya san me ake nufi da ginshiƙi. Ga su nan jibga-jibga, mutum ɗaya ba ya rungume su, an yi musu zane a jiki, bakuna na fitowa daga cikinsu kamar rassa daga gindin itace. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe na rufinsa ya rufta ana sallar la'asar, aka yi asarar rayuka, Allah ya ji ƙan su. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, saboda mutanen da aka rasa, da kuma sanin cewa masu iya gyara irin wannan gini a yau 'yan kaɗan ne. Akwai kwafin masallacin a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. A Nijar kuma akwai masallacin Yama a jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya kuma samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986, shaida ce cewa sana'ar ba ta mutu ba.

Na tsaya a nan ne don ki ga bambancin da shisshike. Ginshiƙi yakan tsaya shi kaɗai a tsakiya, komai ya taru a kansa. Shi ya sa Bahaushe ke cewa wane shi ne ginshiƙin gidan nan, yana nufin mutum guda wanda in ya faɗi gidan ya watse. Ba za ki ji an ce wane shisshiken gida ne ba. A ɗakin jinka kuma, ko rumfar kara, mai wannan aiki ita ce dirka, icen nan mai baki biyu kamar gwafa, wanda ake ɗora gicciyen ice a tsakanin yatsunsa. Wanda ake kawowa daga baya, bayan bango ya fara rinjaya, a tokare shi don kada ya faɗi, shi ne tokari, kuma kowa ya san gini mai tokari yana jiran magini ne. Daga dogara kuma muka sami madogari da madogara, har ɗalibai ke kiran littattafan da suka kafa hujja da su madogara.

Sai Larabci, inda rukuni ta fito. Kalmar ita ce rukn, jam'inta arkan, kuma ba ginshiƙi take nufi da farko ba. Rukn shi ne kusurwa, ko gefen gini mafi ƙarfi, inda bango biyu suka haɗu. Alhazai sun san ta ko ba su yi karatu ba, don a ɗawafi suna shafar Rukunul Yamani, wato kusurwar Ka'aba da ke fuskantar Yaman. Saiwar kalmar tana ɗauke da ma'anar jingina da karkata zuwa ga abu. A Suratu Hud kaɗai za ki same ta a fuska biyu: a aya ta 80 Annabi Luɗu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi fatan da yana da wani rukuni mai ƙarfi da zai fake gare shi, wato dangi ko mataimaka, a aya ta 113 kuma aka hana mu karkata zuwa ga azzalumai da fi'ilin da ya fito daga wannan saiwa. Malaman fiƙihu suka ɗauki kalmar suka ba ta ma'ana ta musamman: rukuni shi ne abin da ke cikin ibada, wanda in babu shi ibadar ba ta samu ba, saɓanin sharaɗi da ke wajenta. Ruku'u rukuni ne na salla, alwala sharaɗi ce. Littattafan Malikiyya da muka tashi da su, irin su Ahalari da Ishmawi, farillai suka fi cewa, shi ya sa iyayenmu farillan salla suka sani.

Akwai abin lura a hadisin da kike koyarwa. Lafazin da aka fi sani, na Abdullahi ɗan Umar a Bukhari da Muslim, cewa ya yi an gina Musulunci a kan biyar, sannan ya lissafa su. Bai ambaci rukuni ba, bai ambaci ginshiƙi ba. Malamai ne suka sa wa biyar ɗin suna arkan, mu kuma namu malaman suka ce shika-shikai. Kowa ya duba ginin da ya sani ya ɗauko sunan abin da ke riƙe da shi.

Matsalar rukuni a ajinki ita ce, da ta shigo Hausa ta yi wata tafiyar daban. A bakin mutane yau rukuni kashi ne ko sashe: rukunin gidaje, rukunin kamfanoni, rukunin farko a gasar ƙwallon ƙafa. Ana iya ganin hanyar da ta bi, daga gefen abu zuwa ɓangaren abu zuwa gungu. Amma nauyin ya zube a hanya. Yaro ɗan aji uku in ya ji rukunan Musulunci, kashe-kashen Musulunci zai fahimta, kamar an raba shi gida biyar, ba zai ji cewa wani abu na tsaye a kansu ba. Irin wannan ta faru da ƙa'ida. A Larabci tushen gini ce, kuma jam'inta ne ya zo a aya ta 127 ta Suratul Baƙara, inda Annabi Ibrahim da Isma'ila ke ɗaga harsashin Ɗakin Allah. Mu kuwa doka da tsari kawai muka sani da ita.

Kalmar Larabci da ta yi daidai da ginshiƙi ita ce amud. Ita ma mun aro ta, tare da al ɗinta, kamar yadda muka yi da alƙali da albasa da alƙalami, muka ce al'amudi. Tsofaffin magina na kiran ginshiƙin tsakar ɗaki da wannan suna, na kuma ji shi a bakin kakana. A wurin Balaraben ƙauye amud shi ne sandar tsakiyar tanti, wadda in aka zare ta tantin ya kwanta. Daga saiwarta aka sami umda, sarautar mai gari a Masar da Sudan, wadda Hausawan Sudan suka sani sarai, da i'itimadi, wato dogaro. Jam'in amud ne a aya ta 2 ta Suratur Ra'ad, inda aka ce Allah ya ɗaukaka sammai ba da ginshiƙan da kuke gani ba. Kuma ita ce a hadisin Mu'azu ɗan Jabal da Tirmizi ya ruwaito, na 29 a cikin Arba'una, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kan al'amari shi ne Musulunci, amud ɗinsa kuwa salla. A nan tilo ne, abu ɗaya a tsakiya, don haka ginshiƙi ce fassarar da ta zauna daram. Wani abin da ke taɓa zuciyata shi ne yadda Ibn Umar ya siffanta masallacin Madina na zamanin Annabi: bango na tubalin laka, rufi na zarbar dabino, ginshiƙai na kututturen dabino. Maginin Hausa da ke aiki da tubali da azara ba ya buƙatar sharhi kafin ya ga wannan masallaci a idonsa.

To me ya kawo ginshiƙan Musulunci a rediyo? Fassara ce. Turawa kalma ɗaya, pillar, suke amfani da ita ga biyar ɗin nan da ga duk abin da aka dogara da shi, mai fassara labarai kuma yana gaggawa, ginshiƙi ce ke fara zuwa masa, sai ya zuba ta ko'ina: ginshiƙan dimokuraɗiyya, ginshiƙan tattalin arziki, ginshiƙan Musulunci. Ba na cewa ya yi laifi, kowa na gane shi. Abin da ke damuna shi ne kalma ɗaya tana cinye 'yan'uwanta, ana barin shisshike da jijjige da dirka suna mutuwa, alhali kowace tana faɗin abin da sauran ba sa faɗi. A wajen aikin gini ma ita kanta ginshiƙin tana fuskantar haka. Je ki inda ake ginin bulo ki saurara, za ki ji ana cewa a ɗaura rodin fila, a zuba kankare, a kai linta, a yi dakin, wato rufin kankare. Fila ita ce waccan kalma ta Turanci, wadda su ma suka samo ta hanyar Faransanci daga Latin, mu kuma muka mayar da p ɗinta f, kamar yadda muka yi a fensir da famfo da fasinja. Ba na faɗa da aro, al'amudi ma aro ce. Amma an wayi gari ginshiƙi ta fi rayuwa a bakin 'yan siyasa da masu wa'azi fiye da bakin birkila.

Shawarata gare ki, ki koyar da shika-shikan Musulunci, ki ba su tilon, shisshike, su rubuta shi a allo. Sannan ki gaya musu cewa a Larabci arkan ake cewa, tilonsa rukn, don za su haɗu da shi a littattafan gaba, ki kuma nuna musu cewa wannan rukunin ba irin na gasar ƙwallo ba ne. Ginshiƙi kuwa ki ajiye ta sai kun zo hadisin Mu'azu, ranar da za ki ce musu salla ce ginshiƙin addini. In akwai rumfa a harabar makarantarku ko a bakin kasuwa kusa da ku, ki fita da su su dafa itatuwan da hannunsu, su ƙirga, ki tambaye su abin da zai sami rufin in aka cire na kusurwa. Wajen rubutu kuma ki kula musu da lanƙwasa: shika-shikai ba ta da ita, ginshiƙi tana da ita a baƙinta na ƙarshe, kuma yara sukan musanya su.